Kai Kudu, Fuska Gabas

"Ku riƙe mashi kai! Haba, ku bi shi a hankali mana, ba buhun masara ba ne!"

Muryar Malam Sa'idu ce ta fito da Hajjo ƙofar gida, hannunta dumu-dumu da garin fura. Adaidaita ce tsaye a bakin lungu, maza uku suna kokawar fito da mahaifin Sa'idu, Baffa Gwadabe, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidansa da nata. Rigarsa ta jiƙe, jar lakar maƙabarta ta kama shi har gwiwa, hularsa kuma tana hannun mai adaidaita.

"Mi ya same shi?" in ji Hajjo.

"Abin da muka daɗe muna gudu, Yaya Hajjo," Sa'idu ya ce yana haki. "Jana'izar Alhaji Hashimu aka tahi. Na ce ya zauna gida, an yi ruwa, ƙasa da santsi. Ina juya baya ya sulale. Ya duƙa bakin kabari da kamfas ɗinshi, sai gani suka yi ya bi gawa ciki."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Da ƙyar aka ciro shi. Kuma kin san abin da ya fara tambaya? Wai an daidaita ma Alhaji fuska?"

Duk Ƙofar Kwaya ba wanda bai san wannan hali na Baffa Gwadabe ba. Tsohon soja ne, cikin mazan jiya da suka yi yaƙin Bama zamanin Turawa, kuma a iya sanin mutane shi kaɗai ya rage a wannan yanki na birni. Shi ba liman ba, shi ba mai haƙar kabari ba, amma shekara hamsin ke nan ba a rufe kowa a unguwar ba sai ya sa baki. Yana da wani tsohon kamfas na soja, mai allura da ke nuna gabas da yamma, da yake naɗewa a tsumma. Da an fara haƙa sai ya tsuguna ya aza shi a ƙasa, ya kanne ido ɗaya, ya ce a karkato kaɗan. Lokacin da yake da ƙarfi shi ke shiga ramin ya juya fuskar mamaci da hannunsa, ya fito, ya sake leƙawa. Masu haƙa sun yi fushi har sun gaji, suka koma yi masa dariya, ita ma dariyar suka gaji da ita. Aka bar shi a kan cewa Bama ce ta taɓa shi, don an ce duk wanda ya je can sai ya dawo da wani abu.

Da aka zo wucewa da shi ta gabanta, tsohon ya buɗe ido ya cafki bakin mayafinta. Mutumin da ya haura casa'in, amma riƙon nasa na mai ɗaure saniya ne.

"Ɗiyar Garba."

"Na'am, Baffa. Sannu."

"Akwai sauran magana wurina. Ta ubanki ce. Ki zo ki karɓa tun ina iya hwaɗi."

Aka shige da shi. Hajjo ta tsaya a lungun, ruwan indararo na ɗiga mata a kafaɗa ba ta matsa ba.

Ita ba ta taɓa ganin ubanta ba. Tana ciki wata huɗu dagacin Rijiyar Maje, wani ɗan gari na manoma da makiyaya a arewa da Katsina, ya tara jama'a ya ce Turawa na son maza tara. Aka ware tara, har da Garba da abokin kiwonsa Gwadabe, aka zuba su a mota, daga mota sai jirgin ƙasa, daga nan sai ruwa. Huɗu suka dawo. Cikin biyar da suka rage a can, gidaje huɗu ba su taɓa jin ko inda nasu ya faɗi ba. Gidan Garba kaɗai aka kawo wa magana, kuma Gwadabe ya kawo ta. Ya durƙusa gaban Inna Suwaiba, mahaifiyar Hajjo, ya ce, "Ni na wanke shi, ni na yi mashi salla, na sa shi kai kudu, fuska gabas."

Abin da Garba ya bari ke nan. Babu hoto, babu riga, shanun ma fari ya cinye su daga baya. Wannan magana Inna Suwaiba ta yi ta juyawa kamar carbi har ta tsufa, da ita ta mutu a bakinta. Hajjo ta gaje ta, ta faɗa wa 'ya'yanta, ta faɗa wa jikoki. In ana hirar marayu takan ce, ita dai alhamdu lillahi, nata uban ya samu sutura irin ta Musulmi. Shi kuwa Gwadabe ya kasa zaman ƙauye bayan yaƙi, ya shigo birni yana gadi. Da aure ya kawo Hajjo Ƙofar Kwaya, ba a yi shekara ba sai ga shi a gidan da ke jikin nasu. Shi ya yanka ragon sunan ɗanta na fari, shi ya ba da auren 'ya'yanta mata. Kullum da hantsi takan kai masa fura mai laushi, ya sha ya ce nonon birni ruwa ne, ta ce to ya koma ƙauye. Shekara hamsin suna wannan.

Yanzu kuma wai akwai saura. Hajjo tana da shekara saba'in da biyu, ta san abin da tsoho ya riƙe a ciki tun yana saurayi ba alheri ba ne, don alheri ba ya jimirin ɓoyo haka. Ko dai gudu suka yi suka bar shi, ko namun daji ne suka yi suturar, ko ma wani abin da ya fi wannan. Magana ɗaya gare ta a duniya game da ubanta, kuma ta tabbata in ta shiga ɗakin nan ba za ta fito da ita ba.

Saboda haka ba ta je ba.

An kai shi asibiti ranar, likita ya ce ƙashin kwatangwalo ya tsage, sauran kuma shekaru ne. Tsoho ya tada ƙayar baya sai an maido shi gida, aka maido shi. Hajjo ta ji dawowarsu ta katanga. Ta dama fura ta ba Rahama matar Sa'idu, ta ce a gaishe shi, gwiwa ce ta tashi. Washegari ta ce masu sayen fura sun yi yawa. Rana ta uku ta koma kan gwiwa. Gwiwar da ke kai ta kasuwa sayen gero ta dawo da ita, ita ce ta kasa taku goma sha biyu. Kwanon furar dai yana dawowa yadda ya tafi.

Rana ta huɗu da safe Sa'idu ya yi sallama da kansa. Suka gaisa, ya kwana, ya gajiya, ya ruwa, ya mai jiki, kowa na amsawa da baki hankali na wani wuri. Sa'idu tsohon ma'aikacin gwamnati ne da furfurarsa, amma ranar sai ya tsuguna a bakin murhu kamar yaro.

"Yaya Hajjo, don girman Allah. Ko ruwa sai an yi da gaske yake karɓa. Duk wanda ya ɗaga labule sai ya ce ke ce? Ni ɗanshi na ce ya faɗa mani in kawo maki, ya ce ba kayana ba ne. Jikin nan ba na kwana da yawa ba ne."

Ta janye itace daga wuta. Sannan ta wanke hannu, ta ɗauki mayafi.

Ɗakin Baffa na warin man zafi da tsohuwar tabarma. Rufin na yoyo a kusurwa, an tara roba. Yana kwance a gadon ƙarfe, ya ƙanƙance har ta yi mamakin inda sauransa ya tafi. Kamfas ɗin na hannunsa na hagu, ga faranti da goro a gefen matashi, wanda masu dubiya suka kawo ba mai haƙorin ci. Ya ce Sa'idu ya ba su wuri. Hajjo ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa.

"Kin yi mani yaji," ya ce.

"Gwiwa ce, Baffa."

"Na san irinta. Tawa shekara saba'in tana ciwo." Ya yi numfashi. "Kin san mu bindiga ba a ba mu ba. Kaya aka ba mu, da adda. Mu da muka saba korar shanu, sai ga mu mun koma jakai, akwatin harsashi bisa kai, cikin kurmin da ko rana ba ta shiga. Ruwa kwana da kwanaki. Matsattsaku har cikin kunne. Layi ɗaya ake tahiya, kuma kullum Garba na gabana. Wata bakwai ƙeyarshi nake kallo. Ko gida haka yake. In ya shiga gaban shanu, sanda bisa wuya, ba ya waiwaye. Ya san suna biye."

"Ka sha faɗa mani wannan."

"To ga wanda ban hwaɗa ba. Ciki ne ya kashe shi, wannan gaskiya ne, ba harsashi ba. Bakin wani rafi ya cika. Saje ya ce a tura shi cikin ciyawa a wuce, 'yan Jafan na kusa. Ni da Talle, wani ɗan garinmu, muka laɓe da shi, aka tahi aka bar mu. Na wanke shi da ruwan rafin. Na naɗe shi da bargona. Amma ban yarda a haƙa ba, don kwana huɗu hadari ya rufe, ba mu san ina ne gabas ba. Na ce ko za a yanka mu sai na ga hitowar rana. Muka zauna da shi har gari ya waye. Allah da ikonshi ta leƙo, ɗan kaɗan, ta tsakanin itace."

Hajjo ta ji ƙirjinta ya ɗan saki. Ashe an wanke shi, ashe an rufe shi. Har ta buɗe baki za ta yi hamdala, ya ɗaga mata yatsa.

"Na ja layi da adda. Sai Talle ya ce, Gwadabe, tsaya. Ya ce tun muna Indiya ya ji wani kofur na cewa a ƙasashen nan mahwaɗar rana ake kallo in za a yi salla. Na ce rufe mamu baki. Na ce ubanka yamma yake kallo? Na ce dabarar Nasara ce, sun raba mu da gida, yanzu suna so su raba mu da alƙibla. Ya sake magana, na ɗaga mashi adda. Ya ƙyale ni. Muka haƙa da adda da kwanon cin abinci, na sa shi kai kudu, fuska ga rana, muka jera gora muka rufe."

"To ai daidai ke nan, Baffa."

"Miƙo mani goron can. Uku."

Ta miƙa. Ya jera su a bakin gado, a layi ɗaya.

"Bayan kwana tara muka isa wani sansani bakin kogi. Na iske sojan Indiya, Musulmi, sun yi sahu da magariba, kowa ya fuskanci inda rana ta hwaɗi. Har dariya na yi. Wani dattijo cikinsu mai gemu ya kamo hannuna, ba na jin yarenshi, ba ya jin nawa. Ya ɗauki duwatsu uku ya jera haka." Ya taɓa goron farko. "Nan mu, Katsina." Ya taɓa na tsakiya. "Nan Makka." Yatsan ya daɗe kafin ya kai na ƙarshe. "Nan Bama. Ashe cikin jirgin ruwa mun wuce Makka ba mu sani ba. Mun bar ta baya, Hajjo. Wanda ke can, in yana son Ɗakin Allah, yamma zai duba."

Ruwa na ɗiga cikin roba. Hajjo ta kafa wa goron ido.

"Na ba shi baya ga Ka'aba," in ji tsohon. "Na ba shi baya ga gida, ga Suwaiba, ga ke. Yana can yana kallon inda ba shi da kowa. Na roƙi saje in koma in juya shi, ya ce ko uwata ce a can ba mai komawa. Ko na koma ma ina zan gane wurin? Kurmin nan kwana uku yake haɗiye hanya. Talle bai dawo ba, ba wanda ya sani sai ni. Da za a sallame mu na ba wani Bature rabona na taba sigari na wata biyu ya ba ni wannan." Ya ɗaga kamfas ɗin, ya sake shi a kan bargo. "Malamai sun fi ashirin na tambaya, ban ambaci suna ba. Kowa ya ce ba komai, Allah niyya yake dubawa. Na sani. Amma ni an hwaɗa mani na ƙi ji. Kuma na dawo na dubi idon uwarki na ba ta rabin magana, na ga ta ji sanyi, na kasa ba ta sauran. Duk wanda na juya ma fuska a unguwar nan, Garba nake juyawa, kuma bai juyu ba. Ki yafe mani, ɗiyar Garba. Na gaji."

Ya kamata ta ce na yafe. Kalma biyu ce, ko wanda ya taka ka a kasuwa kana ba shi. Hajjo ta neme su a bakinta ta rasa. Abin da ya zo mata Inna Suwaiba ce a kan shimfiɗarta ta ƙarshe, leɓe a bushe, tana cewa kai kudu, fuska gabas, tana murmushi.

"Inna da maganar nan ta cika," ta ce.

"Na sani. Ina zaure ina ji."

Ta dafa bango ta miƙe. Ya kira sunanta sau ɗaya, ba ta juya ba. A tsakar gida Sa'idu da Rahama suka bi ta da ido, ta wuce su kamar ba ta san su ba.

A gida ta koma kan turmi, don ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba. Ta kirɓa furar har ta wuce misali, ta manta ba ta sa yaji ba. Ba kuka take ba. Haushi take ji, da wata irin gajiya da ta sauko mata tun daga wuya. Shekara hamsin tana kai wa mutumin nan fura, yana kallonta tana alfahari da suturar ubanta a gaban mata, bai taɓa ko tari ba. Ta tuna yadda take tausayin gidan su Talle da ba su san kabarin nasu ba, ta ji kunya. Sai kuma ta hango ubanta, wanda ba ta da fuskar da za ta sa masa, kwance shi kaɗai cikin ruwa da ciyawa, duk Musulmin duniya sun dubi wuri ɗaya shi ya dubi wani. Nan ne taɓaryar ta gagare ta, ta zauna a bakin turmi.

Rahama ta leƙo wajen sha biyu. "Yaya, jikin ya rikice. Ya daina gane mutane."

"Ina zuwa," in ji Hajjo, ba ta motsa ba.

Tana nan har aka kira azahar. Ta yi alwala, ta shimfiɗa darduma inda take shimfiɗawa tun tana amarya, ta fuskanci katangar gabas mai tsaga, wadda mijinta ya mutu yana alkawarin gyarawa. Ta tada kabbara. Amma goron nan uku suka ƙi barin idonta, suna jere a bakin gado, har sai da ta yi kokwanton raka'a ta nawa take. Ta lallaɓa ta sallame, ta zauna tana istigfari.

A zaunen ne ta sake jera su a zuci, don ita ba ta yi boko ba, sai ta ga abu take gane shi. Ga na farko, ita ce nan a kan darduma. Ga na biyu can gaba, bayan katanga, bayan gari, bayan ƙasashe. Ga na uku gaba da shi, a layin dai. Ta dubi katangar. In ta miƙe tiryan daga nan ba ta karkata ba, ta wuce Makka ta ci gaba, wa za ta iske? Kuma ta ina za ta iske shi?

Ta ƙara istigfari, don ta san ba shi take yi wa salla ba. Sannan ta tashi ko dardumar ba ta naɗe ba. Rahama ta rantse daga baya cewa gudu ta ga Yaya Hajjo na yi a lungu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ɗakin ya cika da maza. Sa'idu na bakin gado yana maimaita masa kalmar shahada a kunne, numfashin tsohon na fita da ƙara, ido rabi a buɗe. Goron na nan inda ya jera su, ba wanda ya kula. Ta ce a ba ta hanya, kuma yadda ta faɗa ya sa aka ba ta. Ta durƙusa, gwiwar ta yi ƙara da gaske wannan karon.

"Baffa. Ni ce, ɗiyar Garba."

Babu alama.

"Baffa, goron nan da ka jera, na duba. Ka ce ka ba shi baya gare mu. To ga ni nan, ga shi can, duk gabas muke kallo. Ashe gaba ya shiga. Ni da Inna da kai da duk Rijiyar Maje, sau biyar kullum bayanshi muke. Ba kai ka ce mani ba ya waiwaye ba, don ya san ana biye?"

Mazan da ke ɗakin ba wanda ya fahimci zancen, amma kowa ya sunkuyar da kai.

"Fuskarshi dama ban san ta ba. Yau ka ba ni ƙeyarshi, kuma na san inda take. Na yafe maka duniya da lahira. Na Inna ma na ɗaukar mata, na yafe. Ni ma ka yafe mani kwana ukun nan, da na yau."

Har ta fidda rai ya ji ta. Sai yatsun da ke damƙe da kamfas suka saki ɗaya bayan ɗaya, abin ya gangaro kan bargo. Leɓensa ya motsa, ta kai kunne.

"Garba... sauri gare shi."

"To ka bi a sannu," ta ce, hawaye na sauka a kan hannunsa. "Ƙafarka ba lafiya."

Ta ja baya, Sa'idu ya koma wurinsa ya ci gaba da kalmar shahada. Ba a yi rabin awa ba Baffa Gwadabe ya cika.

Aka yi masa salla a ƙofar gida bayan la'asar, aka ɗauki makara. Hajjo ta zauna cikin mata tare da Rahama suna amsa gaisuwa, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, bakinta na cewa amin har ya bushe. Wajen biyar da rabi maza suka dawo da laka a ƙafa. Sa'idu ya kira ta soro, idonsa jawur, amma da wani abu kamar dariya a bakinsa.

"Kin san Babaji mai haƙa, wanda suka shekara talatin suna faɗa da Baba? Ya rantse ba za a sa shi ba sai an kawo kamfas. Aka dawo gida aka ɗauko. To wa ya iya karanta shi? Ba kowa. Muka aza shi ƙasa yadda yake yi, allurar na ta rawa, mu kusan ɗari muna tsaye muna kallo. Can sai Babaji ya kanne ido ɗaya ya ce a karkato kaɗan." Ya share fuska da hannun riga. "Aka karkato."

Ya zura hannu a aljihu ya fito da goron nan uku, ya ce ya ga da su take yi wa Baba magana. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane.

Sai a lokacin ta tuna ba ta yi la'asar ba. Ta koma gida tana ɗingishi. Hadari ya washe, tsakar gida ta sha iska, kaji sun gama da furar da ta bari a turmi. Dardumar na nan inda ta bar ta, gefe ɗaya ya ɗan jiƙe. Ta yi alwala ta hau, ta gyara mayafi. Rana ta yi ƙasa a bayanta, tana ɗumama mata wuya. Inuwarta ta miƙe a gabanta, doguwa siririya, ta ratsa tsakar gida, ta hau katangar mai tsaga, kan ya haura ta sama ba ta ganinsa. Hajjo ta ɗaga hannu ta tada kabbara.